Saɓanin Dokoki: Nazarin Shari'ar da ta Ƙetare Iyaka

Daga cikin fannonin da a ke koyarwa a tsangayar shari'a ta jami'a akwai wanda ya shafi husuma tsakanin mutane, watau irin ta bashi da aure da gado, idan husumar ta taɓa ƙasa fiye da ɗaya. Waɗansu masana na kiransa dokar ƙasa da ƙasa ta al'amuran mutane, waɗansu kuwa saɓanin dokoki. Suna na biyu ya fi dacewa, domin babu wata doka guda da ke bisa dukan ƙasashe a kan wannan batu. Kowace ƙasa da nata ƙa'idodi, su kuma alƙalanta ke bi.

A ɗauka wani falke na Katsina ya ba abokin cinikinsa na Maraɗi kaya bashi, an ƙulla magana a Jibiya, biya kuwa a Maraɗi, sa'an nan bashi ya ƙi fita. Harshensu ɗaya ne, amma Nijeriya ta gaji tsarin shari'ar Ingila, Nijar ta gaji na Faransa. Bugu da ƙari, Nijar na bin dokokin kasuwanci na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993, alhali Nijeriya ba ta cikinta. A nan ɗalibi zai fuskanci tambayoyi uku. Ta farko, kotun wace ƙasa ke da hurumin sauraron ƙarar? Ta biyu, da dokar wace ƙasa za a yi hukunci? Kotu na iya sauraron ƙara a gida, ta yanke ta da dokar waje. Ta uku, in an yi hukunci a Katsina, ko za a zartar da shi a kan dukiyar da ke Maraɗi? Wanda ya ci shari'a amma aka kasa zartar da hukuncinsa, takarda kawai ya samu.

Fannin ya daɗe. Bartolus ya yi nazarinsa a ƙarni na 14, sa'ad da kowane birnin Italiya ke da dokarsa. Joseph Story, alƙali a Kotun Ƙoli ta Amurka, ya wallafa littafinsa a kansa a 1834. A 1849 Savigny, masanin Jamus, ya koyar da cewa kowace alaƙar shari'a tana da mazauni, aikin alƙali shi ne ya gano shi. Saboda haka rikicin fili ko gida na bin dokar inda ya ke. Kan matsayin mutum kuwa an rabu: al'adar Ingila na duban inda ya yi zaman dindindin, ta Faransa na duban ƙasar da ya ke ɗanta.

Wannan rabuwa ita ke haifar da matsalar mayarwa, wadda shari'ar Forgo ta 1878 ta shahara da ita. Forgo ɗan Babariya ne da aka haifa ba ta hanyar aure ba, ya zauna a Faransa tun yana yaro, ya mutu can bai bar wasiyya ba. Dokar Faransa ta ce a bi ta Babariya, ita kuwa ta mayar da maganar ga dokar inda ya zauna. Babbar kotun Faransa ta karɓi mayarwar. Dangin uwarsa, waɗanda dokar gadon Babariya za ta ba dukiyar, suka tashi hannu rabbana, baitulmalin Faransa ya ci gado.

Domin rage irin wannan ne aka fara Taron Heg a ƙasar Holan a 1893, wanda ya zama ƙungiya ta dindindin a 1955. Daga cikin yarjejeniyoyinsa akwai ta 1980 kan 'ya'yan da ɗaya daga iyayensu ya ƙetare iyaka da su ba bisa ƙa'ida ba.

Ɗalibin Nijeriya na da wani dalili na musamman na ƙware wa fannin, domin ko a cikin gida dokokin jihohi sun bambanta, ga shari'ar Musulunci da dokar gargajiya da dokar da aka gada daga Ingila. Matar da mijinta ya rasu ya bar gida a Kano da shago a Damagaram, rabonta na iya rataya a kan amsar tambaya ta biyu tun kafin a buɗe littafin gado.