Abin Da Ya Sa Dusar Ƙanƙara Ke Korar Zafin Rana

Kowane manomi ya san farar riga ta fi baƙa sanyi a tsakar rana. Dalili kuwa shi ne, farin abu yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa shanye shi yake yi, ya zama zafi. To, ita ma duniya tana da tata farar rigar, watau dusar ƙanƙara da ta lulluɓe ƙurewar arewa da ƙurewar kudu, kamar tsibirin Girinlan da ƙasar Antatika.

Masana sun auna, sun tarar sabuwar dusa tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. Ruwan teku kuwa, in babu ƙanƙara a bisansa, abin da yake mayarwa bai fi kashi 6 ba. Sauran duk shanyewa yake yi.

Abin mamaki, ita ƙanƙara ba fara ba ce, garau take kamar gilas. Amma in aka daka gilas ya zama gari, sai a ga ya yi fari fat. Haka dusa take. Ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, da iska a tsakaninsu. In haske ya shiga, sai ya bugi wannan ƙwaya ya karkata, ya bugi waccan ya sāke karkata, har ya fito waje tun bai yi nisa ba.

Ashe ke nan girman ƙwaya shi ne kan magana. Sa'ad da dusa ta kwana biyu, ƙwayoyinta sukan dunƙule su yi girma, balle in ta ji ɗumi. Babbar ƙwaya kuwa, haske yakan yi doguwar tafiya a cikinta kafin ya sami mafita, a nan ake shanye wani sashinsa. Yawancin abin da ake shanyewa irin hasken nan ne da ido ba ya gani, wanda jiki ke ji kamar zafin garwashi. Saboda haka mutum ya iya duban tsohuwar dusa ya ce fara ce sol, alhali tana shan zafi. Wadda ta soma narkewa, abin da take mayarwa yakan sauko wajen kashi 60, ko ƙasa da haka. A tsakiyar Antatika sanyi ya yi tsanani, har a 1983 aka auna digiri 89 ƙasa da sifiri a tashar Bostok. Can ƙwayoyin ba sa saurin girma, dusar takan daɗe da farinta.

Sai kuma dauɗa. A 1980 waɗansu masana biyu na Amurka, Warren da Wiscombe, suka nuna da lissafi cewa ɗan kunkunniya kaɗan, wanda ido ba zai lura da shi ba, ya isa ya rage farin dusa. Iska ce ke kwaso shi daga hayaƙin injuna da gobarar daji.

Mugun abin shi ne, ɓarnar tana haihuwar 'yar'uwarta. Dusa ta ji ɗumi, ƙwaya ta yi girma, ta ƙara shan zafi, ta ƙara narkewa, dauɗar da ke ciki kuma ta taru a sama. A watan Yuli na 1912 ba wanda ke da na'urar ganin irin wannan, amma a Yuli na 2012 taurarin ɗan'adam sun nuna saman ƙanƙarar Girinlan ya jiƙe kusan duka cikin 'yan kwanaki. Da a ce ƙanƙarar nan za ta narke ƙaf, teku zai hau wajen mita 7.

Manoman ƙasashen sanyi sun daɗe da gane wannan, har suna cin moriyarsa. A tsibirin Hokkaido na Japan, in ƙarshen sanyi ya gabato, sukan watsa garin gawayi ko toka a kan dusar da ta rufe gonakinsu. Gona ta yi baƙi-baƙi, ta sha rana, dusa ta narke da wuri, su sami shiga aiki kafin maƙwabcin da bai watsa ba.