Matsalar Canza Sunan Fishiye a Cikin Dired: Misali Daga Kayan Bincike na Madarunfa

1. Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi wata matsala da ɗalibai ke cin karo da ita bayan sun dawo daga aikin tattara adabin baka. Misalin da muka ɗauka shi ne na hirarrakin da muka naɗo a garin Madarunfa da kuma Gabi, Safo da Ɗan Isa, galibi a kan tarihin tafkin da waliyyai 99 da ake cewa suna kwance a kewayensa. Kowace hira tana da fishiye biyu, na murya da na rubutu, kuma suna ne kaɗai ya haɗa su. Idan sunan ɗaya ya gurɓace, to rubutun ya rabu da muryar mai shi ke nan, kuma tsohon da aka yi hirar da shi ba lallai ne a sake samun sa da rai ba.

Mun yi aikin da Emacs, wanda ke da sashen duba dosiye mai suna Dired. A cikinsa harafin R ke canza suna. Tun fitowar Emacs 22 a 2007 kuma akwai Wdired, inda ake gyara sunaye da yawa kamar ana gyara rubutu.

2. Haruffa masu ƙugiya

Dokar 1999 da ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar ta tabbatar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A tsarin UTF-8 kowanensu yana cin bait biyu. Alal misali ƙ shi ne C6 99, ɗ kuwa C9 97. Idan kwamfuta ta karanta waɗannan da tsarin Windows-1252 na harsunan Turai ta Yamma, sai ƙ ya fito Æ™, ɗ ya fito É—. Kuskuren da ɗalibi ke yi a nan shi ne ya ga sunan a hargitse ya ce bari ya gyara da hannu. Alhali sunan da ke kan faifai lafiyarsa lau, karatun ne ya karkace. Abin yi shi ne a fara duba file-name-coding-system a Emacs, a kuma buga umarnin locale, a tabbata duka biyu suna kan UTF-8, sannan a danna g don Dired ya sake karanta dosiyen.

A nan ya kamata a tuna wa waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 cewa dabarar wancan lokaci, wato zanen haruffa na musamman da ke ɗora ƙ a gurbin wata alama, ba ta aiki a sunan fishiye, domin suna ba ya tafiya da zanen harafi.

3. Sunaye biyu masu kama ɗaya

Wannan ce ta fi cin mana lokaci, kuma laifin ba na Hausa ba ne, na Faransanci ne. Unicode ya yarda a rubuta é ta hanya biyu: harafi guda (U+00E9), ko kuwa e tare da alamar sama (U+0301). A ido ba su da bambanci. Tsohon tsarin faifan Apple, HFS+, yakan warware harafin zuwa gida biyu duk lokacin da aka ajiye suna, Linux kuwa yana ajiye abin da aka ba shi ba ragi ba ƙari. Saboda haka da muka haɗa aikin mutum biyu a dosiye ɗaya, sai ga récit_Gabi.txt har sau biyu a jere. Wani daga cikinmu ya ɗauka maimaici ne ya goge ɗaya. Wanda ya goge ɗin shi ne mai ɗauke da gyaran mako biyu, kuma da ba don an sami kwafi a wata kile USB ba, da sai an sake sauraren hirar daga farko.

Haruffa masu ƙugiya ba sa warwaruwa haka, amma à da â da masana harshe ke amfani da su wajen nuna karin sauti suna warwaruwa. Hanyar ganewa ita ce a ɗora alamar rubutu a kan harafin da ake zargi a danna C-u C-x =, Emacs zai faɗi lambarsa. Shirin convmv yana iya daidaita sunayen dosiye gaba ɗaya da zaɓin --nfc, kuma yana da wata ɗabi'a mai kyau: yana nuna abin da zai yi ne kawai, ba ya taɓa kome sai an ƙara masa --notest.

Haka nan alamar hamza ta kalmomi irin su sana'a. Akwai alamomi uku da ake sa mata (U+0027, U+2019 da U+02BC), kuma shirye-shiryen rubutu sukan musanya ta farko da ta biyu ba tare da sun tambaya ba. Kayan da suka zo daga abokan aiki na Katsina ko Kano suna ƙara dagula lamarin, tunda can 'y ake rubutawa inda muke rubuta ƴ.

4. Sauran wuraren tuntuɓe

Dired yana karanta abin da umarnin ls ya fitar ne, sannan ya nemi inda kwanan wata ya ƙare suna ya fara. Nau'in ls na GNU yana faɗa masa wurin da zaɓin --dired. Wanda ke zuwa da kwamfutar Apple ba shi da wannan zaɓi, don haka sai Emacs ya yi kintace, kuma suna mai farawa da gurbi kan ruɗe shi. Magani shi ne a sa ls na GNU, ko a koma ga ls-lisp.

Kile USB mai tsarin FAT32 ba ta bambanta babban harafi da ƙarami, saboda haka mai da safo.wav zuwa Safo.wav kan ci tura a tsofaffin Emacs. Emacs 26.1 na 2018 ya zo da hanyar gane irin wannan faifai. Kilen kuma ba ta karɓar alamomin : ? da * a cikin suna.

A ra'ayinmu bai kamata a sa ƙugiya ko alamar sauti a sunan fishiyen ajiya ba, ko da yake wasu abokan aiki suna ganin wannan tauye haƙƙin harshe ne. Muna amfani da lamba, kamar MDR_014, sannan cikakken sunan gari da jigon hira, da duk ƙugiyoyinsu, su zauna a layin farko na rubutun da kuma cikin rajistar dosiye.