Tsutsar zuciyar kare: abin da ya kamata a sani kafin a ba da maganin rigakafi

A unguwannin Abuja irin su Gwarinpa da Asokoro, gidaje da dama na ajiye karnukan gadi, kuma galibi maigadi ko wani hadimin gida ne ke kula da cinsu da maganinsu. Da zarar damina ta kankama, sauro ya yawaita, sai batun tsutsar zuciya ya taso, tare da tambayar da ta daɗe tana damun masu karnuka a Amurka: shin maganin rigakafin kansa ba zai illata dabbar ba?

Sauro ne ke ɗauko 'ya'yan tsutsar daga jinin wani kare ya zuba wa wani. Cikin wata 6 zuwa 7 sukan girma su zauna a jijiyoyin huhu da ɓangaren dama na zuciya, inda tsawon tsutsa ɗaya kan kai santimita 30, ta kuma rayu shekara 5 zuwa 7. Tari da saurin gajiya da rama ba sa bayyana sai ɓarna ta yi nisa.

Fargabar da ake yi wa maganin tana da tushe. A shekarar 2001 aka amince da allurar ProHeart 6 a Amurka, wadda ke ba da kariya ta wata 6. A watan Satumba na 2004 kamfanin Fort Dodge ya janye ta daga kasuwa bisa buƙatar hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, bayan rahotannin ciwon hanta da farfaɗiya da mutuwar wasu karnuka. Sai a 2008 allurar ta dawo, bisa sharaɗin cewa likitan dabbobi da aka horar ne kaɗai zai yi ta, kuma da amincewar mai kare. A 2019 hukumar ta amince da irinta mai aikin shekara guda.

Damuwa ta biyu ta gado ce. A 2001 masu bincike a Jami'ar Jihar Washington, ƙarƙashin Katrina Mealey, suka gano wani lahani a ƙwayar halitta mai suna MDR1, wanda ke barin magunguna irin su ivermectin su kutsa cikin ƙwaƙwalwa. Ya fi yawa a karnukan Collie, amma ana samunsa a wasu German Shepherd, jinsin da ya cika gidajen Abuja. Duk da haka, awon rigakafi na wata-wata ƙanƙane ne ƙwarai, mikrogiram 6 ga kowane kilo na nauyin jiki, kuma an tabbatar ko masu wannan lahani suna jure shi.

Inda haɗarin ya fi kusa da Najeriya shi ne amfani da ivermectin ɗin shanu da tumaki, wanda ke da araha kuma ake samu a shagunan magungunan dabbobi. Kowace mililita ɗaya ta allurar da aka fi sani tana ɗauke da mikrogiram 10,000, alhali karen da ya kai kilo 30 mikrogiram 180 kawai yake buƙata. Wanda ya ja mililita ɗaya ya yi wa kare, ya ba shi fiye da ninki 50 na awon rigakafi. Wani karen zai jure, mai lahanin gado kuwa yana iya fara dalalar da miyau, ya riƙa tangaɗi da makyarkyata, ganinsa ya ɗauke, daga nan ya faɗa doguwar suma. Babu maganin da ke karya wannan dafin kai tsaye, sai dai jinya a asibitin dabbobi.

Akwai kuma kuskuren fara rigakafi ba tare da gwajin jini ba. Idan kare ya riga ya kamu, maganin ba ya kawar da manyan tsutsotsin nan take, kuma mutuwar ƙananan da ke yawo cikin jini a lokaci guda na iya jefa shi cikin mawuyacin hali. Shi ya sa ake gwada duk karen da ya kai wata 7 kafin a soma, sannan a maimaita kowace shekara.

Barin rigakafin gaba ɗaya ya fi tsada. Karen da ya kamu sai an yi masa alluran melarsomine, maganin da ke ɗauke da sinadarin arsenik, a kuma killace shi makonni ba gudu ba tsalle, don kada matattun tsutsotsi su toshe jijiyoyin huhu. A tsawon lokacin gida ya rasa mai gadinsa.

Abin da ya rage ga mai gida shi ne ya kai karen wurin likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, a auna nauyinsa, a gwada jininsa, a sayi maganin da aka yi domin karnuka mai ɗauke da lambar NAFDAC, a rubuta ranar ba da shi. Hadimin da ke kula da karen kuma a sanar da shi alamun guba, domin shi ne zai fara ganinsu.