Manhajar Kujerun Filin Wasa: A Rushe Ko A Yi Kwaskwarima?

A ƙarshen shekarun 1990, wani kamfani mai suna ChoiceSeat ya liƙa ƙananan allunan kwamfuta a jikin wasu kujerun filayen wasa na Amurka, ciki har da Madison Square Garden da ke birnin New York. Ɗan kallo yana zaune zai sake kallon bugun da ya wuce, ya duba alƙaluman 'yan wasa. Yau wayar hannu ta karɓe wannan aiki. Filin Levi's da ke jihar Kalifoniya, wanda aka buɗe a 2014 da kujeru kusan 68,500, ya zo da manhajar da ake sayen abinci da ita daga kujera.

Wahalar irin wannan manhaja ita ce kowa yana buƙatarta a lokaci guda. Duk mako tana kwance babu mai taɓa ta. Da an ci ƙwallo ko an tafi hutun rabin lokaci, sai dubban yatsu su dira a kanta. Injiniyan da ya gwada ta a ofis da wayoyi goma bai gwada komai ba. Idan ta sandare, wanda ya sayi tikiti mai tsada ba zai jira gyara ba, kuma da wuya ya sake buɗe ta.

A nan ne injiniyoyi kan ce a zubar da tsohuwar a rubuta sabuwa daga tushe. Shawarar tana da daɗin ji, amma a ganina ta fi kowace haɗari. Tsohuwar manhaja, duk muninta, tana ɗauke da gyare-gyaren matsalolin da aka gano a ranakun wasa, waɗanda ba wanda ya rubuta su a takarda. Kamfanin Netscape ya taɓa rushe manhajarsa ta shiga intanet: ya fitar da Netscape 4 a 1997, sabuwar ba ta fito ba sai ƙarshen 2000, lokacin da Internet Explorer ya riga ya cinye kasuwa. Shi ma Netscape babu jadawalin gasa a wuyansa. Ranar wasa kuwa ba a ɗaga ta don injiniya bai gama ba.

A 2004 masanin manhaja Martin Fowler ya kawo wata dabara da ya misalta da bishiyar dangin ɓaure da ya gani a Ostareliya, mai tsirowa a kan wata har ta maye gurbinta. A filin wasa, ma'anarta a fara da ɓangaren da ya fi faɗuwa, kamar na maimaita bidiyo, a gwada sabon a sashe guda na kujeru ranar ƙaramin wasa, a bar tsohon a kunne don a koma masa idan sabon ya gaza.