Karanta Gizagizai a Hoton Tauraron Ɗan'adam

Tun kafin zuwan na'ura, manomin ƙasar Hausa ya san cewa hadarin da ya haɗo daga gabas shi ne na ruwa. Abin da tauraron ɗan'adam ya ƙara shi ne hango hadarin nan tun yana nesa, sa'o'i da dama kafin isowarsa. Amurka ce ta harba TIROS-1 a 1960 domin duba yanayi, amma wanda ya fi shafar Afirka ta Yamma shi ne Meteosat na ƙasashen Turai, da aka fara harbawa a 1977. Mazauninsa kimanin kilomita 36,000 ne bisa Tekun Gini, yana tafiya daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum fuska guda yake kallo.

Cikin hotunan da yake aikowa, biyu aka fi dubawa. Na haske kamar hoton kyamara yake, ba shi da amfani da dare. Na biyun zafi yake aunawa, dare da rana, kuma a nan ne mai karatu yakan yi tuntuɓe. A irin wannan hoto, fari ba ruwa yake nufi ba, sanyi yake nufi. Gwargwadon nisan girgije sama, gwargwadon sanyinsa. Hadarin damina yakan yi toroƙo har ya wuce kilomita 12, sanyin ƙololuwarsa ya kai digiri 60 ƙasa da sifili, sai ya fito fari fat, dunƙulalle, mai kaifin gefe. Sau da yawa da la'asar yake tasowa bisa tuddai, kamar duwatsun Azbin da tsaunukan Jos, ya yi yamma da gudun kusan kilomita 50 a sa'a. Wanda ya jera hotuna uku ko huɗu zai iya ƙiyasta lokacin da zai kai Sakkwato ko Yamai.

Sai dai akwai siraran gizagizai na can ƙoli, masu kama da saɓin auduga, waɗanda su ma fari suke fitowa alhali ba ɗigo a cikinsu. Haka nan a ƙarshen bazara, hadari na gaske yakan zubo, amma busasshiyar iska ta shanye ruwan kafin ya taɓa ƙasa. Jami'in gona da ya dogara ga farin hoto kaɗai ya ce a yi shuka, to, ya sa talaka asarar irinsa, kuma ba kowa ke da na sake shukawa ba.

Dalili ke nan da masana na Jami'ar Reading a Ingila, tun cikin shekarun 1980, suke ƙirga sa'o'in da girgije mai tsananin sanyi ya yi bisa wuri, sa'an nan su gwada da abin da ma'aunin ruwan sama ya tara a ƙasa. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, ita ma takan haɗa shaidun nan biyu wajen bin diddigin damina.