Horar da Direbobin Manyan Motoci: Wa Ke Ɗaukar Asara Idan Karen Mota Ya Yi Haɗari?

Tun daga lokacin da harkar jiragen ƙasa ta ja da baya a Nijeriya, mafi yawan kayan da ake fatauci da su tsakanin Kudu da Arewa a bisa titi suke tafiya. Kwantenonin da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a Ikko, da simintin Obajana da na Ewekoro, da man fetur, da kuma tumatir da albasar da ake kai wa kasuwar Mile 12, duk a bayan tireloli da tankoki ake ɗora su. Wannan ya sa dukiya ta miliyoyin naira, wani lokaci jarin ɗan kasuwa ɗungurungum, takan koma hannun mutum ɗaya, watau wanda ke riƙe da sitiyari. Saboda haka ya kamata mai mota da mai kaya su san yadda wannan mutum ya koyi tuƙi, su kuma san wanda doka za ta kama idan aka yi haɗari alhali mai koyo ne a kan kujerar direba.

Yadda ake koyon tuƙin tirela

Hanyar da aka saba bi wajen koyon tuƙin babbar mota a ƙasar nan ita ce ta zama karen mota, ko yaron mota. Saurayi yakan bi wani direba shekara da shekaru, yana wanke mota, yana ɗaure tamfol, yana canza taya, yana sa weji idan an tsaya a kan tudu, yana kuma kwana a gindin mota don gadin kaya. Sannu a hankali sai maigidan ya fara ba shi mota ya matsar da ita a cikin gareji, ko a layin jiran lodi, ko a matsayar tireloli irin ta Ogere da ke kan hanyar Ikko zuwa Badun. Daga nan sai a kai ga ba shi tuƙi a kan babban titi, galibi da dare, lokacin da barci ya fara rinjayar direba.

Wannan hanya ta fitar da ƙwararrun direbobi masu yawa, kuma tana koya wa yaro sanin inji da halin hanya, abin da ba a samu a cikin aji. Amma tana da naƙasa uku. Na farko, babu wani ma'auni da ake gane cewa yaro ya iya, sai dai ra'ayin maigidansa. Na biyu, duk wani mugun hali na maigidan, kamar gudun wuce sa'a ko sakin mota ba giya a gangare don tattalin mai, yaron yakan gaje shi. Na uku, wanda shi ne ya fi shafar 'yan kasuwa, ana yin koyon ne da mota cike da kayan mutane, a tsakiyar jama'a, ba tare da wata takarda ba.

Abin da doka ta tanada

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 aka kuma sabunta dokarta a 2007, ita ce ke da ikon tsara ƙa'idojin makarantun koyon tuƙi da tantance su. A bisa tsarin da ake bi, mai neman lasin a karon farko sai ya bi ta makarantar da hukumar ta amince da ita, sa'an nan jami'an duba motoci na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO, su jarraba shi, kafin a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ya karɓi lasin ta hannun hukumar tattara haraji ta jiha.

Lasin kuwa aji-aji ne. Ajin B na ƙananan motoci ne, tirela da sauran motoci masu jan bodi kuma ajin G ne. Wanda ya cika shekara 18 yana iya neman lasin ƙaramar mota, amma na tuƙin haya sai mai shekara 26. Ke nan yaron mota ɗan shekara 20, ko da yana riƙe da lasin ajin B, bai cancanci jan tirela ba a idon doka. Har ila yau, mai koyo sai ya mallaki takardar izinin koyo, a manna alamar L a gaba da bayan motar, kuma a sami mai lasin a zaune kusa da shi.

Bugu da ƙari, tun daga 2007 hukumar ta ɓullo da wani shiri na daidaita harkar sufuri, wanda ya shafi duk mai motocin haya biyar ko fiye. Shirin ya wajabta wa irin waɗannan kamfanoni yin rajista, da naɗa jami'in kula da kiyaye haɗurra, da adana bayanan direbobinsu. Daga watan Fabrairu na 2017 kuma aka fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Iyakar gudun tirela da tanka ita ce kilomita 60 a cikin sa'a a kan tagwayen hanyoyi, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari.

Dalilin tsananta ƙa'ida

Tirelar da ta ɗauki buhun siminti 600 tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin kanta da bodinta. Tanka mai lita 33,000 na fetur kuma tana ɗauke da kimanin tan 24 na ruwa mai motsi, wanda yakan tunkuɗo motar gaba idan aka taka birki, ya kuma rinjaye ta gefe guda a kan kwana. Idan gudun mota ya ninka sau biyu, nisan da take bukata kafin birki ya tsayar da ita yakan ninka kusan sau huɗu. Birkin waɗannan motoci da iska yake aiki, kuma wanda bai goge ba yakan yi ta dannawa a gangare har iskar ta ragu ko birkin ya yi zafi ya daina kamawa, maimakon ya sauko da giya tun kafin ya shiga gangaren. Haka kuma ƙafafun baya na tirela ba sa bin sawun na gaba a kan kwana, abin da ke sa a take masu babura da masu tafiya a ƙafa.

Irin ɓarnar da tanka ɗaya ke iya yi ba ɓoyayye ba ne. A watan Yuni na 2018 wata tanka ta kama da wuta a gadar Otedola a Ikko, inda motoci fiye da 50 suka ƙone. A watan Oktoba na 2024 mutane fiye da 150 suka rasu a Majiya ta Jihar Jigawa, sa'an nan a watan Janairu na 2025 wasu gommai suka rasu a mararrabar Dikko ta Jihar Neja. Daga ranar 1 ga Maris, 2025 hukumomi suka hana yi wa tankoki masu lita 60,000 lodi. Ko da yake kowane haɗari da nasa sanadin, waɗannan sun isa su nuna girman abin da ake damƙa wa wanda aka ba sitiyari.

Alhaki ya kasu uku

Ta fuskar laifi, wanda ke tuƙi a lokacin haɗarin shi ne na farko. Dokar hukumar ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 7 ga wanda ya yi sanadin mutuwar wani ta hanyar tuƙin ganganci, kuma cewa shi mai koyo ne ba ta zama masa kariya. Ta fuskar diyya ma haka abin yake. A 1971 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar Nettleship da Weston, ta yanke cewa ana auna mai koyon tuƙi da ma'aunin da ake auna ƙwararren direba, domin wanda aka buge bai damu da ko yaushe mai motar ya fara tuƙi ba. A wannan shari'a an rage diyyar mai koyarwar da rabi, saboda shi ma yana da hannu a sarrafa motar. Hukuncin kotunan Ingila irin wannan bai zama dole a kan kotunan Nijeriya ba, amma sukan yi la'akari da shi, tun da tushen dokar sakaci ɗaya ne.

Na biyu shi ne direban da ya ba da motar. Miƙa sitiyari ga wanda bai cancanta ba sakaci ne mai zaman kansa, ko da a lokacin direban yana barci a bayan kujera.

Na uku, wanda aljihunsa ya fi jin jiki, shi ne mai mota. Ƙa'idar doka ita ce ubangida yana ɗaukar alhakin sakacin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Masu motoci da dama sukan ɗauka cewa da zarar sun gargaɗi direba kada ya ba kowa mota, sun fita. Shari'ar Ilkiw da Samuels ta 1963 a Ingila ta nuna akasin haka. Wani direban babbar mota ya bar wani da bai iya ba ya matsar da ita, duk da an hana shi, aka kuwa ji wa wani rauni, kotu ta ɗora wa kamfanin diyya, domin kula da motar shi ne aikin da aka ɗauki direban ya yi, kuma a cikin aikin ya yi sakacin. A nan gida, Kotun Ƙoli ta tabbatar a shekara ta 2000, a shari'ar kamfanin Ifeanyi Chukwu Osondu da kamfanin Soleh Boneh, cewa ana iya ƙarar ubangida ko da ba a haɗa da direbansa a cikin ƙarar ba. Ma'ana, tserewar direba da yaronsa daga wurin haɗari ba ta kuɓutar da mai mota.

Inda inshora ta tsaya

Inshorar kare haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna wajibi ce a kan kowace mota tun daga dokar 1945, kuma sabuwar dokar inshora ta 2025 ta ci gaba da wajabta ta. A farashin da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta ƙayyade daga watan Janairu na 2023, babbar motar ɗaukar kaya tana biyan N100,000 a shekara, iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wasu kuma naira miliyan 5 ne. Duk wanda ya san kuɗin mota a yau ya san tirela na iya lalata abin da ya ninka haka a karo ɗaya, ragowar kuwa mai mota ne zai cika. Wannan inshora ba ta biyan gyaran tirelar kanta, ba ta kuma biyan kayan da ta ɗauko. Waɗannan sai an yi musu inshora ta dabam.

Wani abin lura shi ne, takardun inshorar mota sukan gindaya sharaɗin cewa mai tuƙi ya kasance yana da lasin da ya dace, kuma da izinin mai mota yake tuƙin. Idan bincike ya nuna karen mota ne marar lasin ajin G ke tuƙi, an buɗe wa kamfanin inshora ƙofar jayayya, har ma da ƙin biya. Shi kansa yaron, idan ya ji rauni ko ya rasu, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta lissafa masu koyon sana'a a cikin ma'aikata, kuma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF. Yaron da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, da wuya iyalinsa su sami wani abu ta wannan hanya.

Matakan da suka rage wa masu motoci

Hana koyon tuƙi ta hanyar zama karen mota ba zai yiwu ba, domin daga nan ne direbobin gobe ke fitowa. Abin da zai yiwu shi ne shigar da koyon cikin tsari. Mai mota zai iya rubuta sunan yaron kowace mota a littafin ma'aikatansa, ya biya masa kuɗin makarantar da aka amince da ita, ya nema masa takardar izinin koyo, ya kuma shaida wa kamfanin inshorarsa a rubuce. Koyon ya kasance da rana, da mota marar kaya, a gaban direban da aka zaɓa don wannan aiki. Akwai cibiyoyin da ke ba direbobi horo, kamar Cibiyar Nazarin Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1986, da Cibiyar Horar da Direbobi ta Jihar Ikko. Ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da reshen direbobin tanka na ƙungiyar NUPENG kuma suna da ikon faɗa a ji a wajen mambobinsu.

Shi ma ɗan kasuwar da ke ba da kayansa a kai masa Kano ko Anacha yana da haƙƙin ya ga lasin direba da takardar inshorar kaya kafin a yi lodi, ya kuma sa a rubuta sunan direban a takardar kaya. Kuɗin horar da yaro ɗaya bai kai kuɗin tayoyin tirela ba, balle kuɗin kaya da diyyar rai, kuma idan ba a biya shi tun da wuri ba, mai mota ne kotu za ta nema.