Ɗan Ɗakin Lu Xun: Ɗalibin Likitanci Da Ya Koma Riƙe Alƙalami

 Yau zan kai ku birnin Beijin na ƙasar Sin, unguwar Fuchengmen, inda gidan tarihin marubuci Lu Xun yake. Ana furta sunan kamar "Lu Shun". An buɗe gidan a 1956, shekara 20 cif bayan rasuwarsa.

To wane ne shi? Sunansa na ainihi Zhou Shuren, an haife shi a Shaoxing a 1881. Ya tafi Japan yana karatun likitanci a garin Sendai. Wata rana a aji aka haska musu hoton wani ɗan Sin da sojojin Japan za su sare wa kai bisa zargin yi wa Rasha leƙen asiri. Kewaye da shi 'yan uwansa ne, ƙarti majiya ƙarfi, sun tsaya suna kallo kawai. Wannan hoton ne ya sa ya bar likitanci a 1906. A ganinsa, mutumin da zuciyarsa ta mutu, lafiyar jiki ba za ta amfane shi ba.

A 1918 ya fitar da labarinsa na wani mahaukaci mai rubuta abin da yake gani kullum, kuma da yaren da talaka ke magana ya rubuta shi, a lokacin da masu ilimi ke rubutu da tsohon Sinanci mai wuyar fahimta.

A harabar gidan tarihin akwai ainihin gidan da ya zauna daga 1924 zuwa 1926. Ɗakin rubutunsa ɗan ƙarami ne a bayan gida, har ana ce masa "wutsiyar damisa". Gado ne, da tebur, da fitila, da hoton malaminsa Fujino a bango. Yana zaune a nan, a ranar 18 ga Maris 1926, dakarun gwamnati suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, suka kashe mutum 47, har da ɗalibarsa Liu Hezhen. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta ta'aziyyarta, ya kira abin da sunansa.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne taron 'yan kallon nan. Yau hoton da ya girgiza shi yana shigowa wayoyinmu kullum, mu tura wa group, mu wuce. Ku faɗa mini a ƙasa: in kai ne ka ga wannan hoton, me za ka yi? Sai mun haɗu a shiri na gaba.